Yasar Rijiyar Bayan Marina

Ƙungiyarmu ta taimakon kai da kai a Gwandu tana da dokoki biyu da har yau nake iya kawo su kalma-kalma, domin ni na rubuta su. Ta farko ta ce idan aka yi bismilla a wurin aiki, babu gardama sai an tashi. Ta biyu ta ce ba ma aiki da camfi. Ba zan ce dokokin nan ne suka kusa kashe mutum ba. Abin da zan iya cewa shi ne sun kusa sa ni in yi shiru har mutum ya mutu.

Ƙarshen shekarun tamanin ne, tun muna Jihar Sakkwato. Na gama jami'a da hidimar ƙasa, na dawo gida aka ba ni koyarwa a sakandare. Labarin ƙasa na karanta, amma da yake babu malamin kimiyya na ƙananan azuzuwa, sai aka haɗa mini. Nakan karanta darasi yau in koyar da shi gobe. Ina faɗin wannan ne don a san iyakar sanina.

Mu kusan talatin ne a ƙungiyar: teloli, mahauta, malaman firamare, direbobi biyu. Ni ne magatakarda. Muna share maƙabarta, muna yashe kwalbatoci kafin damina, muna dasa dogon yaro a bakin hanya, idan ciwo ya tsananta wa wani mu kai shi asibiti Birnin Kebbi. Ba ma cin abincin wanda muka yi wa aiki, sai dai ruwa. Dokar hana gardama kuwa tana da dalili. Ƙungiyar da aka yi kafin tamu musu ya kashe ta. Mutane kan taru da fartanyu, su tsaya jayayya a kan inda za a fara, har rana ta kore su gida. Shugabanmu, wani tsohon hedimasta, ya ga wannan da idonsa, kuma ya rantse ba za a sake ba.

Dokar camfi ta Malam ce, uban ƙungiya, wanda ke ba da karatu a zaurensa. Lokacin da nake yaro akwai wani tsoho mai yasar rijiya a garin. Kafin ya shiga kowace rijiya, sai ya zura fitila, bayanta ya zura kaza a kwando, yana 'yan maganganu ƙasa-ƙasa. Yakan ce sallama yake yi wa mai rijiya, wato aljanin da ke ciki. Idan fitila ta mutu ko kaza ta dawo a galabaice, sai ya naɗe igiyarsa ya ce mai gida bai yarda ba yau. Malam ya daɗe yana wa'azi a kan wannan. Da tsohon ya rasu, yasa ta dawo hannun ƙungiya, muka yashe rijiyoyi biyu babu fitila babu kaza, ba abin da ya sami kowa. Na yi alfahari da haka, ba zan ɓoye ba.

Rijiyar bayan marina ita ce ta uku. Tana da zurfi, ruwanta ya fara wari, kuma kwashe shi da guga zai ci mana yini guda. A shekarun nan ne ƙananan injinan ban-ruwa suka fara shiga fadamu, sai aka aike ni Kalgo, inda muke da ƙungiya 'yar'uwa, in aro guda.

Mai injin masunci ne, yana kuma noman shinkafa. Mutum ne mai faɗin ƙirji da yawan dariya, abokansa suna kiransa Sarkin Ruwa ko da yake ba wanda ya naɗa shi. Na same shi a bakin gulbi yana gyaran komarsa ta kamun kifi.

"Malam Sakatare, rijiyar taku gaba nawa ta?"

"Za ta kai goma sha biyu, ko ta ɗan wuce. Ban auna da kaina ba."

"Ku mutanen tudu, ruwa na gudunku har ƙarƙashin ƙasa. Mu nan shi ka biyo mu har ɗaka." Ya ciji zaren ya tsinke. "Inji ba shi zuwa shi kaɗai, da ubangidansa shi ka tahiya. Kuma in anka kwashe ruwan, ni ka shiga. Ban yarda ɗan Gwandu shi faɗa laka a ce injina ya ja ba."

Na yi masa godiya. Ni na roƙe shi, ni kuma na zo da a-kori-kura ranar Asabar na ɗauko shi da injinsa tun da sassafe.

Bazara ce, zafi tun hantsi. Malam ya yi addu'a, Shugaba ya yi bismilla, aka tayar da inji a bakin rijiya aka zura tiyo. Inji ya yi ta ƙara, ko ɗigo bai fito ba. Sarkin Ruwa ya ce ai ba ya jan ruwa daga nesa haka, a fadama ruwa kusa yake. Shugaba ya ce to a kai shi kusa da ruwan. Aka ɗaure shi a kan katako, aka gitta gungume a bakin rijiya, aka tayar da shi, aka zura shi ciki da igiyoyi biyu yana ruri. Ina ɗaya daga cikin masu riƙe igiyar. Ban yi tunanin komai ba. Da ruwa ya ɓulɓulo daga tiyo, baƙi mai wari, har da ni aka yi murna.

Ya fi awa guda yana aiki a ciki. Sau ɗaya muka jawo shi, aka ƙara fetur, aka mayar da shi ƙasa da inda yake dā. Ni aka sa in riƙa leƙawa ina duba tiyo. Wajen ƙarfe sha ɗaya kaina ya fara sarawa a goshi. Wani tela da ke leƙawa tare da ni shi ma ya ce kansa na ciwo, ya ce rana ce. Na ce wataƙila rana ce.

Aka fitar da inji. Wani shuɗin hayaƙi ya ɗan yi ta tasowa daga bakin rijiya, sannan ya daina. Sarkin Ruwa ya tuɓe riga, ya naɗe ƙafar wando, aka fara ɗaura masa igiya a ƙugu. A lokacin ne wani ɗan sakin layi daga littafin da nake koyarwa ya faɗo mini a rai. Ya ce hayaƙin inji yana ɗauke da wata guba marar launi marar wari, wadda ke taruwa a rufaffen wuri. Sakin layi guda ne, a kan gareji yake magana, bai ambaci rijiya ba. Ban san tsawon lokacin da gubar ke zama ba. Ban san ko buɗaɗɗen bakin rijiya ya isa ya fitar da ita ba. Abin da na sani kawai shi ne kaina na ciwo, alhali daga sama nake leƙe, shi kuwa ƙasa zai sauka.

Na matsa kusa da Shugaba na yi magana a hankali.

"Ranka shi daɗe, ina ganin kamar zai fi kyau a ɗan dakata. Akwai yiwuwar hayaƙin nan bai gama fita ba."

Ya leƙa. "Ina hayaƙin?"

"Wani irin ba a ganinsa."

"Ba a ganinsa." Ya dube ni yadda yake duban ɗalibai a dā. "Mutuwa za shi yi in ya shiga?"

"Ban ce zai mutu ba. Na ce akwai yiwuwa..."

"Malam, ruwa na tsattsafowa. In munka tsaya, aikin safe ya tashi banza. An yi bismilla. Wa ya rubuta dokar?"

Ni na rubuta. Na ja da baya. Na tsaya ina kallon ƙullin da ake yi wa igiya, ina tunanin a-kori-kurar da ke ajiye a gindin tsamiya, da yadda zan koma Kalgo da Sarkin Ruwa kwance a bayanta, in tsaya ƙofar gidansa in yi sallama. Idan kuma na tsayar da aiki ba abin da ke ciki, na kunyata ƙungiya gaban baƙo, na karya dokar da na rubuta, saboda sakin layi guda da ban gama fahimta ba. Na auna biyun. Ya kamata a ce awon bai ɗauke ni lokaci ba, amma ya ɗauka.

Sarkin Ruwa ya ɗora ƙafa a kan gungume, sai na ce, da muryar da kowa ya ji, "A zura fitila tukuna."

Malam, wanda ke zaune a kan buzu a inuwar katanga, ya ɗago kai.

"Fitila, ɗana? Da rana tsaka? Wa za a haskawa?"

"Allah gafarta Malam, ba don kowa ba ne. Iska za ta gwada. Ina tsammanin abin da tsohon nan ke yi ke nan, ko da bai sani ba."

"Ya sani sarai. Da kunnena na ji wanda yake yi wa sallama."

Shugaba ya ga abin zai zama musu, sai ya ce a kawo fitilar a gama. Aka samo fitilar ƙwai aka kunna, na zura ta da siririyar igiya. Tana cikin sauka na gane kuskurena. Fitila tana mutuwa ne idan iska ta ƙare. Gubar da littafin ya faɗa ba ta kashe wuta. Na nemi shaidar da ba za ta ba ni gaskiya ba, gaban mutum talatin.

Ta kai ƙasa. Muka leƙa. Tana ci, 'yar ƙarama, rawaya, ko rawa ba ta yi.

Dariya ta ɓarke. Sarkin Ruwa ya fi kowa. "Mai gida ya amsa sallama, Malam Sakatare. Ya ce in shigo, har ya ɗora sanwa."

Na jawo fitilar. Na ce, "Fitila ba ta nuna wannan. Ni na yi kuskure. Sai abu mai numfashi. A zura kaza."

Malam ya miƙe ya ɗauki buzunsa. "Ɗazu fitila, yanzu kaza. Saura mu aika a kira masu garaya. Wanga shi na karatun da anka yi a jami'a?"

"Allah gafarta Malam, minti goma nake roƙo."

"Ba mintin na ya dame ni ba. Shekara nawa ina raba mutanen unguwag ga da wanga abu?"

Gaskiya ya faɗa. Muna haka sai ga wata tsohuwa da gidanta ke jikin rijiyar, wadda duk unguwa ke kira Inna, ta fito daga zaure riƙe da jar kaza a ƙafafu, da kwando a ɗaya hannun. Ashe tana ji daga bayan katanga.

"Ungo, ɗan nan. Dama na hwaɗi, ba a shiga gidan mutum ba sallama."

"Inna, ba don haka ba ne."

"To, to. Ungo dai."

Na karɓa. Na san yadda abin ya zama a idon Malam, da idon matan da ke leƙowa ta saman katanga. Na ɗaure bakin kwandon da tsumma na zura shi. Shugaba ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Minti biyar. Bayan nan ba na son in sake jin bakinka." Malam bai tafi ba, ya tsaya nesa kaɗan da buzunsa a hammata, ya ba mu baya.

Na kafa ido a agogona. Kazar tana ta kyarkyara daga ƙasa, muryarta na fitowa kamar daga cikin tulu. Duk kukan da ta yi, wani ya yi dariya. Minti biyu. Sarkin Ruwa ya zauna a bakin rijiya ƙafafunsa na lilo ciki, yana ba da labarin yadda ya taɓa nutsewa ya kwance koma daga saiwar itace har mutane suka fara salati. "Wanda gulbi bai ci ba, rami za ya ci?" Minti huɗu. Kaza ta yi kuka sau biyu. Na fara fatan ta ci gaba da kuka, a yi mini dariya a gama. Na kuma fara fatan ta yi shiru. Ban ji daɗin samun kaina da wannan fata na biyu ba.

"Biyar ta cika," in ji Shugaba.

"Saura kaɗan, ranka shi daɗe. Goma na roƙa."

"Biyar na ba ka. Sarkin Ruwa, bismilla."

Mutum shida suka kama igiya. Ya juya, ya dafa gungume, ya sauka yana taka ramukan da ke jikin bango. Kansa ya ɓace. Aka riƙa sakin igiya kamu-kamu.

Ban san lokacin da kazar ta daina kuka ba. Hayaniyar saukarsa ta rufe. Na kasa kunne, na girgiza siririyar igiyar da ke hannuna. Ba motsi. Na fara ja. Na ji kwandon ya gogi jikinsa a tsakiyar rijiya, ya ce wani abu, masu igiya suka yi dariya. Na ci gaba da ja har ya fito. Ƙullin tsumman ya ƙi kwancewa, na yage shi.

Tana kwance a gefe guda, baki buɗe, ido rabi a rufe. Na taɓa ta da yatsa, ƙafa ɗaya ta ɗan motsa.

Na ce, "Ku jawo shi."

Mutum shidan suka dubi Shugaba. Ba laifinsu ba ne, haka muka koya musu. Shugaba ya dubi kwandon, ya ce, "Ko zahi ne? Kaza a ruhe..." Ya leƙa ya kira, "Sarkin Ruwa."

Shiru.

"Sarkin Ruwa, kana ji na?"

"Ina... nan." Muryar ta fito a jinkirce, kamar ta wanda aka tasa daga barci. "Ku... sako."

Na farkon masu igiya ya fara sassauta hannu. Na kama igiyar a gabansa na riƙe. Ni kaɗai ba zan iya jawo mutum irinsa ba, abin da na iya shi ne hana ta tafiya. Ta ci tafin hannuna. Sai na ji wani ya kama a bayana, na ga buzu a ƙasa kusa da ƙafata.

Malam ne. Ya ce, "Ku ja."

Muka ja. Da fari yana taimakawa da ƙafa, daga baya nauyinsa duka ya dawo kan igiya, jikinsa na bugun bango. Da kansa ya bayyana, mutum biyu suka kama shi a hammata suka fito da shi. Ya yi ƙoƙarin tsayawa, gwiwoyinsa suka ƙi. Muka kwantar da shi a inuwa, aka yi ta yi masa fifita da riguna. Ya juya ya yi amai. Can ya buɗe ido ya tambayi wa ya kashe fitila.

Muna kansa sai muryar Inna: "Malam, kazata. Kada ta tai mushe."

Malam ne ke da wuƙa a aljihu, wadda yake fiƙe alƙalami da ita, kuma shi aka saba kai wa yanka. Bai tsaya tunani ba. Ya ɗauki kazar, ya fuskanci gabas, ya yi bismilla ya yanka. Jinin ya zuba taku biyu daga bakin rijiya.

Sai da ya miƙe ya ga matan da ke saman katanga, ya ga inda suke kallo. Ya dubi jinin, ya dubi wuƙar. Sannan ya dube ni.

"To, ka yi musu bayani. Kai ka yi karatu."

Na yi. Na yi maganar inji da fetur da gubar da ba a gani, na ce kaza ta fi mutum saurin jin ta saboda ƙanƙanta, ko da yake wannan ɗin ban tabbata ba. Suka saurara da ladabi. Inna ta tambaye ni ko naman zai ciwu, na ce ban sani ba. Ta ce to ita ta sani, ta ɗauki abarta ta shiga gida.

Muka kai Sarkin Ruwa ɗakin shan magani, aka duba shi, aka ce ya huta a wuri mai iska. Ranar ce ta farko da ƙungiya ta tashi ta bar aiki bai ƙare ba. Muka bar rijiyar kwana uku, muna zura buɗaɗɗiyar lema muna jawowa don ta motsa iska, sannan muka kwashe ruwan da guga kamar yadda aka saba, muka yashe ta. A unguwar kuwa labari ya zauna cewa rijiyar bayan marina ta nemi jini, kuma Malam da kansa ya ba ta. Ya yi wa'azi a kai sau da yawa, bai ci nasara ba. Bai taɓa ce mini na yi laifi ba, bai kuma ce na yi daidai ba. Ya ci gaba da amsa gaisuwata, amma ya daina kirana ɗana. Shugaba ya yi wata guda yana aiko mini saƙo ta bakin tela.

Bayan mako guda na mayar da injin Kalgo, domin ranar da abin ya faru an kai mai shi gida ba tare da shi ba. Na same shi a bakin gulbi. Ya ɗan faɗa, amma dariyar na nan. Ya ce kansa ya yi kwana biyu kamar ana daka a ciki, kuma bai tuna fitowarsa ba, abin da ya tuna shi ne kwando ya wuce shi sai ƙafafunsa suka yi nauyi.

"Malam Sakatare, abu guda nika roƙo. Maganar aman nan ta tsaya Gwandu."

"Ba wanda zai ji daga bakina."

"Madalla. Nan cewa na yi igiyarku ta ruɓe."

Muka sauke injin. Ya duba mai, ya goge shi da gefen rigarsa, ya ce bari ya ji ko mutanen tudu sun lalata masa. Ya ja igiya sau biyu, inji ya kama. Ya fara ba ni labarin yadda shinkafarsa ta sha ƙishi kwana bakwai, sai iska ta juyo da hayaƙin wajenmu. Ya yanke maganar a tsakiya, ya zagaya ɗaya gefen injin, ya jawo ni da hannun riga. Sai da muka tsaya inda hayaƙin ba ya zuwa sannan ya ƙarasa.